Bayanan Bincikena Sun Watse, Wace Manhaja Zan Riƙe?

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin tarihi, ina rubuta kundi a kan matan Kano da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a zamanin mulkin mallaka. Kusan shekara biyu ke nan ina tara bayanai, amma duk a warwatse suke. Wasu suna cikin littattafan rubutu, wasu a fayilolin Word da na manta sunayensu, wasu kuma na tura wa kaina a WhatsApp. Hotunan takardun da na ɗauko a Kaduna suna cikin waya, sun cakuɗe da hotunan biki da na yara. Hirarrakin da na yi da tsofaffi ma a wayar suke.

Makon jiya malamin da ke duba aikina ya ja layi a ƙarƙashin wata jimla a babi na biyu, ya ce daga ina na samo ta. Na san na karanta ta a wani wuri, amma na kwana ina nema ban gano ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ban tabbata ba ko kalmomina ne ko na marubucin ne na kwafo. Wallahi har yanzu kunyar komawa ofishinsa nake ji.

Ƙawata ta ce in koma Notion, wani ɗan ajinmu ya ce Obsidian, wani kuma ya ce Evernote ko OneNote. Duk na sauke su, na ƙona data wajen kallon bidiyon yadda ake amfani da su, kowacce na fara sai in bari. Kwamfutata tsohuwa ce, wuta ba ta zama a unguwarmu, ga yara ga hidimar gida, kuma watanni kaɗan suka rage in miƙa kundi. Don Allah wacce zan zaɓa da za ta tattara mini bayanan nan, ta kuma nuna mini alaƙar da ke tsakaninsu?

Daga wata ɗaliba a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a, domin kin ɗauko batun da ya cancanci a rubuta shi. Matan da suka soya ƙuli-ƙuli a cikin gida suka ɗora wa yara talla ba su cika shiga rahoton Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, ba, sai an bi sawunsu da irin haƙurin da kike yi.

Tambayar da malaminki ya yi miki gata ce. Gara a ofishinsa, daga ke sai shi, da a ce mai jarrabawa daga wata jami'a ne ya jefo miki ita ranar kare kundi, zaure cike da jama'a. Ki ajiye kunyar nan gefe, mu yi maganar gyara.

Manhaja biyu za ki riƙe: Zotero da Obsidian. Ta farko ita za ta adana miki madogara, wato littattafai da maƙalu da fayilolin gidan tarihi da hirarraki. A cikin ta biyu za ki yi tunaninki, ki haɗa wannan bayani da wancan. Dukkansu kyauta ne, kuma suna aiki ko babu intanet. Sauran da kika sauke ki cire su daga kwamfutar yau, ki kuma daina kallon bidiyon kwatanta manhajoji har sai kin miƙa kundi.

Amma fa abin da ya same ki a babi na biyu ba rashin manhaja ne ya jawo shi ba. Ranar da kika rubuta jimlar nan, kin raba ta da inda ta fito, shi ke nan. Mu da muka tashi muna jin karatun hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba: malamai ba sa karɓar magana don daɗinta, sai sun ji wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji. Bayanin bincike ma haka yake, kowanne da isnadinsa. Daga yau kada ki rubuta ko da layi ɗaya, a ko'ina ne, ba tare da sunan marubuci da shekara da lambar shafi a jikinsa ba. In fayil ne, lambarsa; in hira ce, ranar da wurin da aka yi ta. Kuma a take za ki saka, ban da "anjima zan cike". In kin riƙe wannan, ko littafin rubutu na 'yan firamare zai kai ki gaci. In ba ki riƙe ba, kowace manhaja kika koma irin wannan jimlar za ta ci gaba da taruwa a cikinta.

Ki ƙara da abu guda, wanda shi ne maganin fargabar da kika ce ta fi damun ki. Duk abin da za ki rubuta ɗayan uku ne. In kalmomin marubuci ne kika kwafo, ki rufe su da alamar zance, ko da kalma biyar ce. In taƙaitawa kika yi da bakinki, ki bar su haka da lambar shafi. In kuma tunanin da ya zo miki ne yayin karatu, ki fara layin da "NI:" da manyan haruffa. Ɗalibai da yawa da aka tuhuma da satar rubutu ba su yi niyyar sata ba, sun dai koma kan tsohon rubutunsu ne bayan wata shida suka kasa bambance muryarsu da ta wani.

To, Zotero. Ta fito ne a 2006 daga wata cibiyar nazarin tarihi a Jami'ar George Mason da ke Amurka, kin ga tun asali don irin aikinki aka yi ta. Ban da littafi da maƙala da kundin digiri, tana da gurbin wasiƙa da rubutun hannu da hira, kuma akwai wurin da za ki sa sunan gidan adana takardu da lambar fayil. Fayilolin SNP da na Kanprof, wato na sakatariyar lardunan Arewa da na lardin Kano, da kika duba a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ko abin da kika samo a cibiyar tarihi ta Arewa House, duk za su zauna daidai a ciki. Tun daga 2022 tana buɗe PDF da kanta. Kina shafa wa jimla launi, sai ta fitar miki da ita haɗe da lambar shafinta. Tana kuma shiga cikin Word, ta saka miki bayanin ƙasan shafi, ta jera manazarta a ƙarshe bisa tsarin da sashenku ya ce. In aka ce a sauya tsarin ana gobe miƙa kundi, dannawa ɗaya ce. Abin lura kawai, wurin ajiyar fayiloli da take bayarwa kyauta a intanet 300 MB ne, wanda PDF kaɗan za su cinye. Ki kashe aika fayilolin, ki bar su a kwamfuta. Jerin madogaran da kansa yana hawa intanet kyauta.

Dalilina na zaɓar miki Obsidian a kan sauran ya fito ne daga cikin wasiƙarki. Kin ce wuta ba ta zama, data kuma kuɗi ce. Notion manhaja ce mai kyau, musamman ga ofis ko ƙungiyar da ke aiki tare a kan jadawali ɗaya, amma a kan intanet aka gina ta. Sai a 2025 aka ƙara mata damar buɗe wasu shafuka ba intanet, kuma duk da haka asalin rubutunki yana kwamfutocin kamfanin ne. Evernote darasi ce a kan haɗarin wannan. Bayan wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya saye ta, a Disambar 2023 aka taƙaita wa masu amfani da ita kyauta rubutu 50 a littafi ɗaya tak, wanda ke son ƙari sai ya biya. Mutum ya wayi gari shekarunsa na rubutu suna wurin da dokarsa ta sauya ba da shawararsa ba, biyan kuma da kuɗin waje ne, kin san wahalar wannan da katin naira. OneNote ba ta da laifi ga mai son abu mai kama da littafin rubutu, har tana iya haɗa shafi da shafi, sai dai ba ta nuna miki waɗanne shafuka ne suka ambaci wanda kike kai, kuma wannan shi ne ainihin abin da kike nema.

Obsidian, wadda ta fito a 2020, kowane rubutu da kika yi a cikinta ƙaramin fayil ne na zallar rubutu da ke zaune a wata folda a kwamfutarki. Ko gobe aka ce kamfanin ya rufe, za ki buɗe fayilolin da Notepad ki karanta abinki. Ba su da nauyi. Gajerun rubuce-rubuce dubu ba su kai nauyin bidiyon biki ɗaya da ake turo miki a WhatsApp ba. Akwai wasu masu irin wannan hali, kamar Joplin da Logseq, kuma duk nagari ne. Na ambace su ne don kada wani ya zo ya rikita ki da sunansu, ba don ki je ki gwada ba.

Yanzu maganar haɗa bayanai, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Bari in nuna miki da batunki. A ce kina karanta wani littafi a kan cinikin gyaɗa, kika ga bayanin cewa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, fataken da suka saba zuwa Gwanja fataucin goro sun juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. Sai ki buɗe sabon rubutu. Kada ki sa masa suna "Gyaɗa" ko "Bayani na 14". Ki sa masa cikakkiyar magana: "Fataken goro sun koma sayen gyaɗa bayan isowar jirgi." A ƙarƙashi ki taƙaita da bakinki cikin layi huɗu ko biyar, ki sa marubuci da shekara da shafi. Duk sunan da kika san zai sake fitowa a bincikenki, ki rufe shi da baka biyu, kamar haka: [[Agalawa]], [[Alhassan Ɗantata]], [[layin dogo]]. Da zarar kin yi haka, kowane ɗaya daga cikinsu ya zama ƙofa.

Bayan wasu makonni, a ce kina rubuta hirar da kika yi da wata tsohuwa, ta ce miki kakanta Ba'agale ne, wato ɗaya daga cikin Agalawa, fataken ƙasar Kano, ya yi fataucin goro kafin ya koma awon gyaɗa, kuma a gidansa ne kakarta ta fara matsar mai tana sayarwa. Ki rubuta, ki sake sa [[Agalawa]]. Ranar da kika buɗe shafin Agalawa, Obsidian za ta jero miki duk rubutun da ya ambace su: littafin nan, hirar nan, da wani rahoton haraji da kika ɗauko a Kaduna kika manta da shi. Nan take tambaya za ta taso miki: shin matan gidajen masu awon gyaɗa ne suka fara shiga sana'ar mai da ƙarfi, saboda kayan na shigowa gida? Wataƙila haka ne, wataƙila sauran hirarrakin su rushe zancen. Ko yaya ta kaya, kin samu abin da za ki bi, kuma kowace hujja tana nan da madogararta.

Sai dai manhaja nuna miki kawai take yi cewa rubutu biyu sun ambaci abu ɗaya. Ba ta san ko sun yarda da juna ko sun saɓa ba. Wannan aikinki ne. Duk lokacin da kika haɗa rubutu biyu, ki ƙara jimla ɗaya da ke faɗin dalili: "Wannan ya saɓa da abin da rahoton ya ce, domin shi mai rahoton maza kawai ya ƙirga," ko "Wannan ya ƙarfafa maganar tsohuwar Fagge." Irin waɗannan jimlolin su ne za su zama ƙashin bayan babinki, kuma su ne malaminki ke nema idan ya ce yana son ya ji muryarki a cikin aikin. Za ki ga wani zane a Obsidian mai ɗigo-ɗigo da layuka, wanda masu bidiyo ke son nunawa. Yana da kyan gani, amma ba zai rubuta miki ko sakin layi ɗaya ba, kada ya cinye miki dare.

Masu bidiyon nan kuma sukan ambaci Niklas Luhmann, wani masanin zamantakewa Bajamushe da ya koyar a Jami'ar Bielefeld, ya rasu a 1998. Ya bar katunan rubutu kusan 90,000 a cikin akwatunan katako, kowane kati da lambarsa, yana nuni zuwa wasu katunan, kuma da su ya rubuta littattafai masu yawa. Gaskiya ne, kuma daga wurinsa wannan salon ya samo farin jini. Amma shi shekaru fiye da arba'in ya yi yana ginawa, da alƙalami da takarda. Ke watanni gare ki da kundi ɗaya. Abin da za ki ɗauka daga gare shi biyu ne kawai: magana ɗaya a rubutu ɗaya, kuma da kalmominki. Folda uku sun ishe ki, ta madogara, ta tunani, ta babi-babi. Ƙarin kayan da ake ɗora wa Obsidian, waɗanda suka haura dubu, kada ki taɓa ko ɗaya yanzu.

Ga wani tarko da masu bidiyon Turanci ba za su faɗa miki ba. A wurin kwamfuta, k daban ƙ daban, haka d da ɗ, da b da ɓ. In yau kin rubuta "gyaɗa" gobe "gyada", nema zai kawo miki rabi ya bar rabi. Ki tsayar da rubutu ɗaya tun yanzu, ki sa allon rubutun Hausa a waya da kwamfuta. Haka sunaye: Turawan mulki sun rubuta Gonja, mu muna cewa Gwanja, littattafai na rubuta Dantata, mu Ɗantata. Obsidian tana ba ki damar yi wa shafi ɗaya laƙabi da yawa, ta yadda duk wanda kika kira shafin nan zai amsa. Ki yi wa kowane muhimmin suna haka ranar da kika fara buɗe masa shafi.

Kada ki ce sai kin kwashe duk bayanan shekara biyu kin zuba a sabon wuri kafin ki ci gaba da rubutu. Nan ne mutane ke maƙalewa, wata biyu su wuce suna shara ba su rubuta komai ba. Ki bi babi-babi. Babi na biyu ne a gabanki, to abin da ya shafe shi kawai za ki tattaro daga littattafan rubutu da Word da WhatsApp, kina shigarwa kina sa madogara. Duk bayanin da kika kasa gano asalinsa ki jefa shi a rubutu guda mai suna "Ba isnadi", kuma kada komai ya fita daga can zuwa kundi sai an gano. Waya kuma ta zama wurin kama abu in ya zo miki a hanya ko a kicin. Tura wa kai saƙo a WhatsApp ba laifi ba ne, muddin kin ware rana ɗaya a mako, ranar da kika fi samun wuta da sararin yara, kina kwashewa zuwa kwamfuta.

Hotunan Kaduna ki fitar da su daga wayar nan a wannan makon, kuma ta kebul, domin WhatsApp yakan rage wa hoto kyau har ƙananan rubutu su dushe. Ki jera su bisa ranar da aka ɗauka, ki gwada da littafin da kika riƙa rubutu a ciki a ranakun, za ki gane yawancin fayilolin da suka fito daga ciki. Kowane fayil ki ba shi foldarsa da lambarsa. In hotunan suna da yawa, akwai wata manhajar kyauta mai suna Tropy, wadda cibiyar da ta yi Zotero ta fitar a 2017 musamman don hotunan takardun tarihi. In kuma kin sake komawa, kafin ki ɗauki shafin farko ki ɗauki bangon fayil inda lambar take.

Tunda komai zai zauna a kwamfutarki, kuma kin ce tsohuwa ce, nauyin ajiye kwafi yana wuyanki. Duk mako ki kwafe foldar Obsidian da ta Zotero zuwa filashi, ki ajiye shi a wani wuri daban da jakar kwamfutar, don in an ɗauke jaka kada a tafi da duka biyun. Foldar rubutun, da yake ba ta da nauyi, ki riƙa jefa ta a Google Drive ma, wanda ke ba da 15 GB kyauta. Hirarraki kuwa amana ce. Tsofaffin nan sun faɗa miki sirrin gidajensu, da bashi, da kishi, da abin da miji bai sani ba. A cikin rubutunki ki kira su da lamba, Hira 1, Hira 2, sannan takardar da ke nuna wace ce wace ta zauna a littafi na daban a gida, kada ta hau intanet.

Saura jimlar babi na biyu. Ki ɗauki kalmomi biyar ko shida a jere daga cikinta, waɗanda suka fi fita daban, ki rufe su da alamar zance ki nema a Google Books da Google Scholar. Ki nemi kalmomin a cikin WhatsApp ɗinki da kuma foldar da fayilolin Word suke. Ki ba abin yini ɗaya, kada ya wuce haka. In ta fito, ki sa mata madogararta, ki duba ko kwafe ce ko taƙaitawa ki gyara. In ba ta fito ba, ki cire ta, ko da ita ce jimlar da kika fi so a babin. Sannan ki koma wurin malaminki cikin makon nan, kada ki bari ya neme ki. Ki ce masa, "Malam, ban gano asalinta ba, na cire ta, kuma ina bin sauran babin layi-layi ina tabbatar da kowace madogara." Ki tafi masa da ranar da za ki kawo gyararren babin.